Ruwan Dare: Tsanin Alli da Tagwayen Kalmomin Ingilishi a Makarantun Magarya da Dungas

Akwai wani tsani da malaman Ingilishi kan zana da alli a jikin allo, a shekarar farko ko ta biyu ta kwaleji. Wanda ya zauna a aji a Magarya, ko Bande, ko Waca, ko Dungas, ko Malawa, da wuya a ce bai gan shi ba, bai kuma kwafe shi cikin kaye ba. A ƙolinsa ake rubuta “always”, a ba shi kashi 100 cikin 100. Ƙarƙashinsa “usually” ya samu 90, “often” ya samu 70 a wani littafi, 60 a wani, “sometimes” ya tsaya a tsakiya da 50, a yi ta gangarowa har a iske “never” a gindi yana riƙe da sifiri. Da yara sun haddace matakan, sai a ce an gama darasin yadda ake faɗin abin da ke yawan faruwa, a wuce gaba. Tsani ne mai kyawun gani, mai sauƙin kwafa, mai sauƙin dubawa ranar jarrabawa. Sai dai an jingina shi inda babu soro, kuma shekara da shekaru ana tura yara su hau.

Gwaji ɗaya ya isa ya nuna haka. Attajirin da ya je Makka sau biyar cikin shekara ashirin, Baturen Ingila zai ce “often” yake zuwa. Mutumin da ya ci tuwo sau biyar cikin shekara ashirin kuwa, cewa zai yi “hardly ever”, wato kusan ba ya ci. Lissafi ɗaya, kalmomi biyu da suka yi hannun riga. To ina kashi 70 ɗin ya shiga? Ma'aunin yawa yana cikin abin da jama'a suka saba gani da abin da suke tsammani, kuma alli ba ya iya auna wannan.

Hasali ma, waɗannan bayanau guda shida ko bakwai ƙaramin yanki ne na aikin. Mafi yawan lokaci, in Ingilishi zai yi maganar abin da ke tafiya yana dawowa, da tagwayen kalmomi yake yi, wato kalmomi biyu ko uku da bakin masu harshen ya saba haɗawa har suka zama abokan tafiya. Mai sayen hatsi wurin ɗan kasuwa ɗaya kowace ranar kasuwa “regular customer” ne. Baƙon da ba ya ɗauke ƙafa “frequent visitor” ne. Kuskuren da kowa ke yi “common mistake”, mai yawan shan taba “heavy smoker”, ɓarawon da ake kamawa a saki ya koma “repeat offender”. Dukkan biyar ɗin yawa suke nufi, amma ba kowace ke shiga rigar ƴar uwarta ba. Yaron da ya rubuta “heavy visitor” ya yi wa malaminsa maganar baƙo mai ƙiba. Haka abin yake ga aikatau: kasuwa da ɗaurin aure da taron iyayen yara “take place” suke yi, domin an tsara su tun da wuri, haɗarin mota “happen” ko “occur”, gobara da yaƙi da kwalara “break out”, matsalar da ta ɓullo ba zato “crop up”. Babu ƙa'idar nahawu da za ta fitar da waɗannan. Sabo ne kurum, kuma da sabo ake koyonsu, biyu-biyu.

Wannan ba sabon labari ba ne. Tun 1933 wani malami ɗan Ingila, Harold Palmer, da ke koyarwa a Tokiyo, ya fitar da rahoto a kan irin waɗannan kalmomi, bayan ya lura cewa su ne ke kayar da ɗalibansa na Japan fiye da nahawu. Abokin aikinsa A. S. Hornby ya ɗora a kai, har aka samu ƙamusun nan na masu koyo da Oxford ta buga a 1948. A shekarun 1950 J. R. Firth ya yi ta jaddada cewa ana gane kalma ne ta abokan zamanta. John Sinclair da mutanensa a Jami'ar Birmingham suka tara miliyoyin kalmomi cikin kwamfuta, suka ƙirga wace ke bin wace, suka fitar da ƙamusun COBUILD a 1987. A 2002 Oxford ta buga ƙamusu sukutum wanda ba shi da wani aiki sai nuna abokan tafiyar kowace kalma. Abin lura a nan shi ne, daga ajin masu koyon harshen da ba nasu ba ilimin ya fito, daga yara masu matsala irin ta yaran Sasumburum da Dogo-Dogo. Shekara casa'in ke nan da ɗoriya, amma tsanin alli na nan daram.

Yaron Magarya kuwa nasa nauyin ya ninka na ɗan Tokiyo, domin ba kai tsaye yake zuwa ba. Da Hausa yake tunani, da Faransanci ake fassara masa, da Ingilishi ake so ya rubuta. A ƙasar da kalmar “Turanci” kanta sai an tambaya wanne ake nufi, na Faransa ko na Ingila, wannan zagaye yana da tsada. Faransanci na cewa “forte pluie”, sai yaro ya rubuta “strong rain”, alhali Ingilishi “heavy rain” ya sani. “Avoir lieu” ya haifi “have place”. “Tous les jours” ya haifi “all the days”. “Tous les deux jours”, wato ran nan a yi gobe a huta, wanda Ingilishi ke kira “every other day”, ya zama “all the two days”, maganar da ba mai ganewa daga Landan har Legas. Mafi ban tausayi shi ne “passer un examen”, wanda a Faransanci zama jarrabawa ne kawai, amma yaro ya mayar da shi “pass an exam”, wato cin jarrabawa. Sai ga ɗalibi yana shelar ya ci BEPC sau uku, alhali so yake ya ce sau uku yana zama yana faɗuwa. Da daga Hausa aka taso da shi, da bai ruɗe ba, domin Bahaushe bai taɓa haɗa zama jarrabawa da cin ta ba.

Ga kuma cin rani, abin da ba shekarar da ba a yi a waɗannan gundumomi biyu. Da an gama girbi samari sun kama hanyar Kano, wasu Legas, wasu arewa. Faransancin Nijar ya raɗa wa wannan suna “exode”, sai ɗalibi ya buɗe ƙamusu ya sami “exodus”, ya rubuta cewa yayansa na yin “exodus” kowace shekara. Mai karatun Ingilishi zai ɗauka gari ne ya watse kaf, kamar fitar Bani Isra'ila daga Masar. Abin da ake nema shi ne “seasonal migration”, kuma “cin rani” ya fi kusa da shi nesa ba kusa ba, tunda sunan lokacin yana cikin kalmar.

A nan ne takaicin yake. Yaron da ake ɗauka kamar tulu ne wofi da za a cika da kalmomi ɗaya-ɗaya, da dukiyarsa ya shigo aji. Hausa na da lokaci sabau, wanda ba shi da wani aiki sai faɗin al'ada: yakan zo, sukan tafi, akan yi. Tana da “yi ta” da “dinga” da “riƙa”, waɗanda suka yi daidai da “keep” a cikin “he keeps coming”. Tana ninka aikatau ta nuna an yi abu sau da yawa ko ga mutane da yawa: kama ta zama kakkama, tambaya ta zama tattambaya, fita ta zama firfita. Paul Newman, wanda ya rubuta babban littafin nahawun Hausa da aka buga a 2000, sai da ya ƙirƙiro wa wannan siga suna a Ingilishi, domin nahawun Turai bai tanadi wanda ya dace da ita ba. Tana ninka suna ta ce tafiye-tafiye, sace-sace, mace-mace, aure-aure. Sannan ga nata tagwayen: akai-akai, jefi-jefi, lokaci-lokaci, safe da yamma, ba dare ba rana, yau da kullum, yau da gobe. Ba a taɓa jin Bahaushe ya ce “gobe da yau” ba, kamar yadda Baturen Ingila ba ya juya “time and again” ko “day in, day out”. Kuma duk wanda ya fassara “yau da gobe” da kwana biyu, ranar yau da wadda ke bi mata, bai san abin da ke sa allura ginin rijiya ba.

Yaron da ya san cewa kasuwa ci take yi, gobara tashi, annoba ɓarkewa, rana faɗuwa. Wanda ya san ana shan wahala, a sha iska, a sha kashi, a ci bashi, a ci amana, a ci sarauta, ba tare da ya nemi ƙoƙo ko akushi ba, wannan yaro ya riga ya san cewa kalmomi na da abokan tafiya. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da irin waɗannan a ƙarƙashin “ci” da “sha”. Abin da ya rage wa malami shi ne ya ce masa: yadda harshenka ke yi, haka wancan ma ke yi, sai dai kowa da nasa abokai. Minti biyar sun isa. Misali ɗaya ma ya wadatar: abin da ya zama ruwan dare, Faransanci na kiransa “monnaie courante”, Ingilishi kuma “common occurrence”. Bahaushe ya dubi sama, Bafaranshe ya dubi aljihu, Baturen Ingila ya faɗi abin a bushe. Ɗalibin da ya ga ukun a jere ba zai sake zaton fassara musanyar kalma da kalma ba ce.

Me ya hana? Tsohuwar ƙyama ce da ta ƙi mutuwa. Iyaye da kakanni na tuna zamanin da ake rataya wa yaro alama a wuya in an ji ya yi Hausa a harabar lakwal, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. An daina rataya alamar, amma kunyarta ta zauna a zukata, har malami kan ji kamar ya zubar da girmansa in ya kawo misalin Hausa a darasin Ingilishi, ko da yake ba ya jin haka in ya kawo na Faransanci. Abin mamaki, a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda goma. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. A takarda ke nan, babu abin da ya rage da zai tilasta wa ɗan Yekuwa ya bi ta Faris kafin ya isa Landan. A cikin aji kuwa hanyar ba ta sauya ba. Kuma in har Ingilishi harshen aiki ne da gaske, to yaran da ke kwaleji yau su ne za a nema gobe su rubuta rahoto da wasiƙa da shi, ba cike gurbi a jimla kaɗai ba.

Wani zai ce duk wannan maganar malaman nahawu ce, ba ta kai a ɗaga murya ba. Mai wannan ra'ayi ya dubi abin da ake rubutawa game da Magarya da Ingilishi. Ba kaɗan ba ne. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a garin, kuma sashen yara na asibitin gundumar ya yi suna a rahotannin ƙungiyoyin agaji na duniya. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar ta sanar cewa a watan da ya gabata yara kimanin goma ke rasuwa kowace rana a sashen, akasarinsu saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Irin waɗannan rahotanni da tagwayen kalmomi ake gina su, kuma kusan dukkansu na yawan faruwa ne: “lean season”, lokacin da rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba, “seasonal peak”, watannin da masassara ke kai ƙololuwa, “recurrent drought”, fari mai tafiya yana dawowa, “chronic malnutrition” da “acute malnutrition”. Waɗannan biyun na ƙarshe in aka bar su ga tsanin alli da ƙamusun aljihu, sai a ce duk tamowa ce mai tsanani. Ba haka ba ne. Ta farko ita ce wadda ta daɗe tana cin yaro a hankali har ya tsumbure, tsawonsa bai kai na shekarunsa ba. Ta biyu ita ce ramar farat ɗaya, wadda ake ganewa da nauyi ko da awon damtse. In awon ya gaza milimita 115, yaro ya shiga mai tsanani, ana bukatar magani nan take. Matashin da aka ɗauka aikin tafinta ko cike takardu, in ya musanya su, ba maki ne zai rasa ba.

Bayan ma'anar likitanci, akwai nauyin da kowace tagwaye ke ɗauke da shi a kunnen mai karatu. “Outbreak” kalma ce mai tada mutane tsaye, a aiko mota da magani. “Endemic disease” kuwa cuta ce da ta zama ƴar gida, mai karatu ya gyaɗa kai ya juya shafi. “Seasonal” ta fi su wuyar sha'ani. Gaskiya ce, kuma gaskiyar ta yi amfani: saboda an san watannin da zazzaɓi ke zuwa ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 a riƙa ba ƙananan yara maganin rigakafi wata-wata cikin damina, kuma Magarya na cikin wuraren da aka fara yin haka a Nijar a 2013. Amma kalmar nan ɗaya tana iya ajiye mutuwar yara a jerin shuka da noma da girbi, kamar abin da kalanda ta wajabta. Wanda bai san Ingilishi biyu-biyu ba, ba zai ji wannan bambanci ba, balle ya tsaya ya ce a nan an faɗi gaskiya, a nan kuma an yi wa bala'i shimfiɗa.

Ƙasar nan ta taɓa ganin rigima a kan kalma. A 2005 duniya na cewa “famine”, shugaba Mamadu Tanja ya ce babu yunwa, ƙarancin abinci ne a wasu yankuna, wato “food crisis”. Tun daga nan kalmomin suka ƙara samun iyaka. A ma'aunin da hukumomin duniya ke bi yanzu, mai hawa biyar, ba a cewa “famine” sai gida ɗaya cikin biyar ya rasa abinci kwata-kwata, kashi 30 cikin 100 na yara sun rame, kuma mutum biyu cikin dubu goma na mutuwa kowace rana. Ga inda lissafi ke da muhalli, ba a gefen “often” ba. Kakanni kuwa wata hanya suka bi: kowace yunwa suna suka raɗa mata. Ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba ce. Ta 1984 El-Buhari. Wanda ya kira sunan, ya tuna wa ya mutu, wa ya yi hijira, nawa aka sayar da tiya. “Recurrent drought” ta tattara su duka ta zuba a buhu ɗaya ta ɗaure baki. Malamin da ya ajiye waɗannan biyu gefe da gefe a allo ya koyar da Ingilishi da tarihi a zama ɗaya.

Sunan El-Buhari ma ya kawo wani misali da ba ɗan Magarya ko Dungas da zai ce bai shafe shi ba, wato rufe iyaka. Layin da Faransa da Ingila suka shata, wanda ayarin Tilho da O'Shee ya kafa wa alamu tsakanin 1906 da 1908, shi ya sa ɗan Tinkim ke karatu da Faransanci, ɗan uwansa na ƙetare da Ingilishi. An rufe wannan iyaka daga 1984 zuwa 1986, aka rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A ba ɗaliban lise wannan, a ce su sa masa sifa. Wanda ya ce “occasional closures” ya yi maganar jami'in da ke zaune a ofis yana ƙirga shekaru arba'in. Wanda ya ce “repeated closures” ya sa ƙorafi a ciki. Wanda ya ce “frequent closures” da bakin mai dabbobin da bai kai su kasuwa ba ya yi magana. In kuma wani ya rubuta “regular closures”, ya ce ana rufewa bisa tsari kamar ranar kasuwa, kuma wannan kuskure ne. Huɗun duka nahawu ya yarda da su. Uku ra'ayi ne, ɗaya ɓata. Babu tsanin da zai rarrabe su.

A kasuwar Maigatari ta jihar Jigawa, wadda ke ci ranar Alhamis kusa da iyakar Dungas, ana iske fataken da ba su taɓa riƙe alli ba amma suna da “last price” da “go-slow” a baki, suna kuma sa su daidai inda ya kamata. Ingilishin kasuwa ne, ba zai ci BEPC ba, kuma ba wanda ya ce a kwaso shi a kai aji. Amma hanyar da suka bi ita ce daidai: a dunƙule suka ji, a dunƙule suka riƙe, a cikin magana mai amfani. Ɗalibin da ya yi shekara huɗu a kwaleji yana iya jero aikatau marasa bin ƙa'ida guda hamsin, amma ya kasa cewa ana yawan ɗauke wuta a garinsu, abin da “frequent power cuts” ta gama faɗi da kalma uku.

Malamai na da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Aji ya cika ya batse, wani na zana ne, littafi ɗaya na yawo tsakanin yara da dama, awoyin Ingilishi a mako ba su taka kara sun karya ba, ɗan kwantaragi kuma na jiran albashi. Duk gaskiya ne. Sai dai wannan hujja a kan mai ita take komawa: wanda lokacinsa kaɗan ne shi ya fi kowa bukatar gajeriyar hanya. Rubuta “heavy rain” a allo bai fi rubuta “heavy” tsada ba, allin ɗaya ne. Akwai masu cewa a hana kowane harshe a aji sai Ingilishi, yaro ya nutse a ciki har ya iya iyo. Wannan na aiki inda ruwan ke da zurfi, inda yaro zai fita ya ji harshen a titi da gida. A tafkin da bai kai idon sawu ba, ba mai nutsewa, ba mai koyon iyo. Kuma dai masu wannan magana, da yara sun yi shiru, Faransanci suke komawa, wato ba su hana fassara ba, harshen yaron kaɗai suka hana.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta yaran Fulani da Barebari da Buzaye da ke cikin ajin, waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ce. Amsar ita ce a tambaye su yadda nasu harshen ke cewa “ruwan dare”, a rubuta shi ma a allo. Darasin ba na fifita Hausa ba ne, na nuna cewa kowane harshe da nasa tagwaye, kuma misali huɗu sun fi uku. Maganar jarrabawa kuwa tana wuyan masu tsara ta. Muddin tambaya ita ce a sa “often” a gurbin da ya dace cikin jimla, malami zai ci gaba da zana tsani, kuma ba a ga laifinsa sosai ba, tunda da sakamakon yara ake auna shi. Ranar da takardar BEPC ta ce wa ɗalibi ya zaɓa tsakanin “strong rain” da “heavy rain”, ko ya rubuta layi biyar a kan abin da ke yawan faruwa a garinsu cikin damina, a shekarar nan tsanin zai fara gogewa.

Ƙungiyoyin raya al'adu ma ba su fita ba. Sun iya shirya gasar waƙa da wasan kwaikwayo da daren karin magana, kuma madalla da haka, amma ba a cika ganin wadda ta zauna ta tattara yadda mutanen ƙasar Sosebaki ke faɗin abin da ke tafiya yana dawowa ba, alhali wannan ma gado ne, kuma yana zaizayewa. Masu fassarar labarai sun fara cusa “a ƙarshen rana” inda Bahaushe ke cewa “daga ƙarshe” ko “a ƙarshe dai”, domin su ma kalma-kalma suka koyi Ingilishi, kalma-kalma suke mayar da shi. Rashin sanin tagwayen wancan harshe yana dawowa ya ɓata na wannan. Abdu Mijingini ya yi wa Hausa da Faransanci ƙaramin ƙamusu, Roxana Ma Newman ta yi na Ingilishi zuwa Hausa a 1990. Abin da malamin kwalejin ƙauye ke bukata bai kai ko ɗayansu girma ba. Ɗan littafi ne mai shafi talatin ko arba'in, layi uku a jere, Hausa, Ingilishi, Faransanci, an karkasa shi bisa lamurran da yaro ya sani: damina da rani, kasuwa da iyaka, asibiti, makaranta, biki da rasuwa. Kowace tagwaye ta zo cikin cikakkiyar jimla, kuma malamin Ingilishi ya duba ta a ƙamusun da aka yi domin haka kafin a buga, kada a maye kuskure da kuskure.

Gundumar Magarya na da kwamin bakwai, ta Dungas, wadda aka cire daga jikinta a 2011, na da huɗu. In malaman kowace kwamin da ƙungiyar al'adunta suka kawo tagwaye hamsin daga bakin tsofaffi da fatake da ungozomai, an samu 550, kafin a cire waɗanda suka maimaitu. Lokacin tattarawa shi ne daga bazara zuwa kaka, sa'ad da maganar rumbu da hadari da masassara ke bakin kowa, kuma a tsakiyar lokacin makarantu na hutu.